Mambobinmu na ta raguwa: ƙungiyar ƙwadago ta zo ƙarshe ke nan?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni sakataren reshen ƙungiyar ƙwadago ne a wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa a Kano. Lokacin da na kama aiki, kusan duk wanda ke tsaye a gaban inji mamba ne, in muka kira taro wurin zama ma wuya yake yi. Yanzu kamfanin ya ƙara girma, an ƙaro injuna, amma mu da ake cire wa kuɗin ƙungiya ba mu kai ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba. Duk wanda ya yi ritaya ko aka sallama, sai a maye gurbinsa da yaran da wani ɗan kwangila ke kawowa. In na tuntuɓe su sai su ce su 'yan kwantiragi ne, ba su da hurumin shiga ƙungiya. Wasu ma sun ce an sa su sa hannu a takarda a kan haka. Kwanan baya manajan ma'aikata ya ce mini in daina wahalar da kaina, wai ko a Ingila da Amurka an daina yayin ƙungiya. Wallahi abin ya hana ni barci. Da gaske ne yawan 'yan ƙungiya na raguwa a ko'ina? Mu ma haka za mu ƙare? Akwai sauran abin yi, ko mu haƙura kawai?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Kwamared. Na ji damuwarka, kuma damuwa ce mai tushe. Bari in fara da maganar manajanku in gama da ita da wuri, domin akwai abin da ya fi ta tayar mini da hankali a cikin wasiƙarka.

A lissafi bai yi ƙarya ba. A Birtaniya, a 1979, 'yan ƙungiyar ƙwadago sun haura miliyan 13, sama da rabin masu aikin albashi ke nan. Yau suna kan miliyan 6 da 'yan kai, wajen kashi 22 cikin 100. A Amurka, a tsakiyar shekarun 1950, kusan ma'aikaci ɗaya cikin uku yana da ƙungiya. A 1983 abin ya sauko kashi 20.1, a 2023 ya tsaya a kashi 10, a kamfanoni masu zaman kansu kuwa kashi 6 ne kacal. Duk wannan gaskiya ne.

Abin da bai gaya maka ba shi ne yadda aka yi aka kai ga haka. Gwamnatin Margaret Thatcher ta shafe shekarun 1980 tana yin doka bayan doka don ɗaure hannun ƙungiyoyi, ta karya yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, sannan aka rufe ramukan kwal da masana'antun da a can ne mambobin suka fi yawa. A Amurka, Ronald Reagan ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sama da 11,000 a 1981 saboda yajin aiki, masu kamfanoni kuma suka gane cewa an buɗe musu ƙofa. A daidai wannan zamanin, da irin waɗannan injuna da kwamfutoci, Denmark da Sweden suna nan da kusan ma'aikata biyu cikin uku a ƙungiya, saboda a can asusun tallafa wa wanda ya rasa aiki yana da alaƙa da ƙungiyoyin ƙwadago, mutum na ganin amfanin katinsa ko ranar da aka sallame shi. Faransa kuma wani salon ne daban: 'yan ƙungiya ba su wuce wajen kashi 10 ba, amma yarjejeniyar albashin da suke ƙullawa ta shafi sama da kashi 90 na ma'aikata, domin gwamnati kan faɗaɗa ta a kan duk masu sana'a iri ɗaya. Ka ga ashe yawan mambobi yana bin doka ne da irin ayyukan da ke ƙasa. Wanda ya ce maka yayi ne ya wuce, so yake ka ɗauka ƙaddara ce ka sallama.

Mu dawo gida. Yawan mambobi a Najeriya ya yi tsalle mafi girma a 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta tattara ƙananan ƙungiyoyi sama da dubu ta mayar da su 42, aka kafa uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta NLC a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, aka wajabta wa masu ɗaukar aiki su amince da ƙungiya, su kuma riƙa yankar kuɗinta daga albashi kai tsaye. Lokacin kuɗin mai na shigowa, gwamnati na ɗaukar ma'aikata, masaƙu na aiki dare da rana. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna a wancan zamani ya san yadda titi ke cikewa da kekuna in an busa jiniyar canjin aiki. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957, da UNTL, da Arewa, a nan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta yi ƙarfin da har ta fitar da Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007. Haka Bompai da Sharaɗa da Calawa suke a Kano.

Sai aka shiga gangara. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, ya tsuke ɗaukar aiki a gwamnati. Babangida ya rushe shugabancin NLC a 1988, Abacha ya maimaita a 1994, ya kuma rage ƙungiyoyin zuwa 29 a 1996. Amma waɗannan matakai shugabanci kawai suka taɓa. Abin da ya ci mambobi da gaske shi ne mutuwar wuraren aiki. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003. An haɗe bankuna 89 suka koma 25 a 2005, aka zubar da ɗimbin ma'aikata. Kamfanin wayar tarho na gwamnati, NITEL, ya mutu, kamfanonin wayar salula da suka gaje shi ba su gaji ƙungiyoyinsa ba. A 2013 aka miƙa wutar lantarki ga 'yan kasuwa. A tsakiyar wannan, a 2005, bayan jerin yajin aikin ƙarin kuɗin mai, aka yi wa dokar ƙungiyoyin ƙwadago kwaskwarima, aka rubuta cewa shiga ƙungiya ganin dama ne, aka ba ƙungiyar manyan ma'aikata ta TUC rajista ta zama uwa ta biyu, aka tsaurara sharuɗɗan yajin aiki.

Ga wani lissafi da ya kamata kowane sakatare ya riƙe a kansa. Rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2024 sun nuna sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da ba shi da rajista ko tsari, masu aikin albashi kuma ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Saura manoma ne, 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu. To ko da a ce kowane mai albashi yana da katin ƙungiya, ba za a kai kashi 20 na masu aiki ba. Cikin 'yan tsirarun nan kuma, ƙarfin ƙungiya ya tattare a aikin gwamnati: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, na ƙananan hukumomi, na jami'o'i, sai kuma mai da lantarki. Shi ya sa NLC da TUC za su iya kashe wutar ƙasa baki ɗaya a ranar 3 ga Yuni 2024, a zauna a yanke mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yuli, amma yaron da ke tsaye a gaban inji a Sharaɗa bai ga canji a aljihunsa ba.

To amma, Kwamared, masana'antarku ba ta rufe ba. Kai da bakinka ka ce an ƙaro injuna. Ma'aikatan suna nan, kana cin tuwo da su a bakin get. Abin da ya raba su da rajistarka jimla ɗaya ce da aka cusa musu: wai ɗan kwantiragi ba shi da hurumin shiga ƙungiya. A nan zan daɗe, domin babu makon da ba na cin karo da wannan magana. Na ji ta a bakin masu gadi, na ji ta a bakin 'yan matan da ke ƙirga kuɗi a banki, na ji ta a bakin direbobin kamfani da masu share asibitoci masu zaman kansu. Abin da ya fi ci mini rai, na ji ta a bakin shugabannin reshe da kansu, mutanen da aka zaɓa don su ƙaryata ta.

Ƙarya ce. Babu wannan doka, ba a taɓa yin ta ba.

Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce kowane mutum yana da 'yancin kafa ko shiga ƙungiyar ƙwadago don kare muradunsa. Kowane mutum ya ce. Bai ware mai takardar dindindin daga na wucin gadi ba. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta lissafa waɗanda aka hana, da sunayensu: sojoji, 'yan sanda, kwastam, jami'an shige da fice, gandirobobi, ma'aikatan Babban Banki da na kamfanin buga kuɗi, da wasu 'yan kaɗan makamantansu. Ka duba jerin daga sama har ƙasa, ba za ka ga ɗan kwantiragi ba, ba za ka ga leburan da ake biya kullum ba. Najeriya ta rattaba hannu a yarjejeniyoyi na 87 da 98 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun watan Oktoba 1960, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 da ya kawo sashe na 254C, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da ikon yin hukunci da su kai tsaye. Ita kanta Ma'aikatar Ƙwadago, a ƙa'idojin da ta fitar a 2011 kan 'yan kwantiragi a ɓangaren mai da iskar gas, ta tabbatar da cewa suna da 'yancin shiga ƙungiya. In ɗan kwantiragin rijiyar mai yana da wannan 'yanci, da wace hujja za a hana na masana'antar roba?

Sai batun takardar da aka sa su sa wa hannu. Na sha ganin irinta. Yawanci shafi ɗaya ce, an yi hoton ta har rubutun ya dushe, a ƙasa ga dangwalen babban yatsa da shuɗin tawada. Wani matashi ya taɓa ciro mini tasa daga aljihun gaba, a nannaɗe cikin leda, ya miƙo mini da hannu biyu yana waiwaye. Ba ya karanta Turanci. An dai gaya masa cewa in aka gan shi a taron ƙungiya, da wannan takardar za a kai shi kotu. Shekara da shekaru yana ɗauke da ita yana tsoronta. Ka saurara da kyau: sashe na 9(6) na Dokar Ƙwadago ya haramta a sanya shiga ko ƙin shiga ƙungiya a matsayin sharaɗin ɗaukar mutum aiki, ya kuma haramta korar ma'aikaci ko muzguna masa saboda yana cikin ƙungiya. Sharaɗin da doka ta haramta ba ya halatta don an dangwala yatsa a ƙarƙashinsa. Wanda ya rubuta takardar shi ya taka doka, kuma takardar shaida ce a kansa. Don haka kada kowa ya yage tasa. A adana ta, a yi hotonta.

Za su zo maka da gyaran 2005, su ce ai shiga ƙungiya ganin dama ne. Ƙwarai kuwa, ganin damar ma'aikaci. Sashen da suke kafa hujja da shi cewa ya yi kada a tilasta wa ma'aikaci shiga, kada kuma a cutar da shi don ya ƙi. Bai ba manaja ko ɗan kwangila ikon ganin dama a madadin ma'aikaci ba. Har ma akwai abin da yawancin sakatarori ba su sani ba: Kotun Ma'aikata ta sha yanke hukunci cewa ƙananan ma'aikata ana ɗaukar su mambobin ƙungiyar da ke da hurumi a sana'arsu, sai fa wanda ya rubuta da kansa cewa ya fita. Manyan ma'aikata ne sai sun rubuta cewa sun shiga. Ficewar kuma ta mutum ɗaya ce da son ransa. Fom ɗin da ofishin manaja ya buga ya raba wa mutane a layi, ranar biyan albashi, helima na tsaye a kansu, ba ficewa da son rai ba ce, kuma lauyan ƙungiyarku ya san yadda zai nuna wa alƙali haka.

Za su sake juyawa su ce ai yaran ba ma'aikatanmu ba ne, na ɗan kwangila ne. To shi ɗan kwangilar a wace ƙasa yake? Shi ma mai ɗaukar aiki ne, dokar da ta hau kan kamfani ta hau kansa, ana buƙatar ya mallaki lasisin samar da ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago, kuma ƙungiya tana da damar rubuta masa ta nemi ya amince da ita ya riƙa cire kuɗinta. Ban da haka, kotun ba ta tsayawa a kan sunan da aka rubuta a saman takarda. Takan tambaya: wa ke tsara lokacin aiki, wa ke ba da umarni, injin na waye, wa ke cewa kada wane ya sake shigowa get? A wasu shari'o'in, da ta ga amsar duk kamfani ne, ta ɗora wa kamfanin alhaki tare da ɗan kwangilar.

Akwai ƙanwar wannan ƙarya, wato maganar wata uku. Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa. An yi wannan ne don a kare shi. Sai wasu masu kiran kansu ƙwararru a harkar ma'aikata, waɗanda ke yawo kamfani kamfani da jaka suna sayar da dabarun kauce wa doka, suka juya ta. Suka koya wa masu kamfani cewa a sallami mutum kafin wata uku ya cika, ya yi kwana biyu a gida, a sake ɗaukarsa sabo, wai ta haka ba zai taɓa zama ma'aikaci ba. Na san mutanen da suka yi furfura a kan inji ɗaya ana yi musu wannan juyi. Babu inda doka ta ce 'yancin shiga ƙungiya sai bayan wata uku yake farawa. Ranar da mutum ya fara aiki, ranar yake da shi.

Me ya sa nake kiran wannan ƙarya mai hatsari? Saboda ba a katin ƙungiya take tsayawa ba. Wanda ya yarda cewa ba shi da hurumin ƙungiya, a hankali yakan yarda cewa ba shi da hurumin komai. Inji ya cinye masa yatsu, a kai shi kemis a ɗaure, a ba shi 'yan kuɗi a ambulan, washegari a kawo wani. Bai san cewa dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci na wucin gadi da sunansu ba, bai san cewa wajibi ne mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF saboda irin wannan rana ba. Bai tambayi fansho ba, alhali dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Bai tambayi naira 70,000 ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba da masu aikin da ake biya bisa yawan abin da suka yi, kuma na ga inda aka rarraba ma'aikatan rumfa ɗaya a ƙarƙashin sunayen 'yan kwangila daban daban don kowane rukuni ya gaza wannan adadi. Wa zai tona wannan in babu ƙungiya a ciki? Kai ɗan Kano ne, ba ka manta watan Yuni 2020 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da 100 daga wata masana'antar shinkafa inda aka kulle su watanni a lokacin korona. Da akwai reshen ƙungiya mai rai a wurin, da sakatare mai lambar wayar shugabanninsa na jiha, da wuya a kwana uku ba a ji ba.

Hatsarin bai bar ku masu takardar dindindin ba. Ranar da kuka ajiye aiki, uku cikin huɗu na masu tayar da inji suna nan a bakin aiki. Manaja ya san wannan lissafi, da shi yake zama teburin sasantawa da ku. Kowane mai ritaya da aka maye da ɗan kwantiragi, an rage nauyin maganarku ne, har ranar da za a ce reshen ba shi da wanda yake wakilta.

Dole kuma in faɗi laifinmu, mu na cikin harkar. Tsarin 1978 ya yi wa ƙungiyoyi gata, gatan kuma ya sangarta su. Kuɗi na shigowa daga ofishin akanta kowane wata ba tare da kowa ya tsaya a bakin get ya shawo kan mutum ɗaya ba. Aka taso da shugabannin da suka iya rubuta sanarwar yajin aiki da zaman otal a Abuja, amma ba su taɓa koyon yadda ake jawo sabon mamba ba. Da 'yan kwantiragi suka fara shigowa, rassa da yawa suka kau da kai, wasu ma suka yi murna, don an bar musu aiki mai sauƙi an ɗora wa baƙin mai wuya. Kai ma a wasiƙarka yara ka kira su. Na san ba da raini ka faɗa ba, amma cikinsu akwai magidanta masu 'ya'ya a makaranta, kuma suna jin yadda ake kiransu. Mutumin da ba ka je jana'izar mahaifinsa ba, ba ka tambayi hannunsa da ya ƙone ba, ba zai sa aikinsa a hatsari don ka miƙo masa fom ba.

Hukuma kuma tata gazawar a fili take. Dokar Ƙwadago ta 1974 ce, tarar da ke wasu sassanta 'yan ɗaruruwan naira ce, abin da mai kamfani ba zai ko ɗaga kai ya duba ba. An tsara ƙudurorin sabunta dokokin tun wajen 2005, shekaru sun shuɗe ana kai su ana dawo da su. Jami'an duba wuraren aiki sun yi kaɗan ainun in aka kwatanta da yawan masana'antu. Ka kai ƙorafi a ce ka rubuto, ka rubuto a ce fayil na kan teburin wanda ya tafi taro, kafin a sa ranar zama an riga an sallami wanda ya yi ƙorafin. Ina faɗa maka wannan ne don kada ka ɗauka takarda ɗaya zuwa ofis za ta gama maka aiki.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Da masaƙu suka mutu, ƙungiyar ma'aikatansu ta juya ta rungumi teloli masu zaman kansu. A 2010 aka kafa ƙungiyar FIWON don masu sana'o'in da ba su da rajista. A 2023 direbobin da ke ɗaukar fasinja ta manhajar waya, waɗanda kamfanoni ke cewa su ba ma'aikata ba ne sam, suka sami amincewar gwamnati ga ƙungiyarsu. Naku ya fi nasu sauƙi nesa ba kusa ba, domin ku mutanenku suna ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ga masu kamfani da 'yan kwangilar da ke karanta wannan, da yawanku sahun gaba kuke a masallaci. Ya tabbata a hadisi cewa Allah ya ce mutum uku shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki daga gare shi, bai ba shi ladansa ba. Ladan nan ya haɗa da diyyar yatsun da inji ya ci, da fanshon da aka cire ba a zuba ba. Ku ji tsoron Allah a kan bayinsa. Tsoratar da wanda bai iya karatu ba da takardar da kun san ba ta da tushe zalunci ne, ko da lauya ne ya rubuta muku ita.

Yanzu abin yi, Kwamared. Ina gargaɗinka da kada gaskiyar doka ta sa ka yi gaggawa. Doka ta hana kora saboda ƙungiya, amma ba ta tsaye a bakin get da safe. Ɗan kwangila zai iya cewa kawai ba a buƙatar wane gobe, shari'a kuma takan ɗauki lokaci, iyalin mutum ba za su ci hukuncin da ba a yanke ba. Saboda haka kada ka fara da taro, kada ka fara da rubuta sunaye a fili. Ka fara da mutum biyu ko uku da sauran ke jin maganarsu, a wajen kamfani, a teburin mai shayi ko bayan sallar Juma'a. Ka fi saurare a kan magana. Ka gano abin da ya fi damunsu, wataƙila safar hannu da takalmin aiki ne, wataƙila kuɗin ƙarin lokacin da ake cinyewa ne. Wannan buƙata ku masu dindindin ku fara ɗaukar ta zuwa teburin manaja da sunan reshe, tun kafin ku nemi kowa ya cika fom, don su ga ƙungiya ta yi musu wani abu da idonsu.

A lokaci guda kowa ya tara shaidarsa: katin shiga, saƙon banki na albashi, hoton jadawalin aiki mai ɗauke da sunansa, da waccan takarda. Ka sanar da shugabanninku na jiha da hedikwatar ƙungiya tun yanzu, domin wasiƙar neman amincewa daga can ya kamata ta fito, zuwa ga ɗan kwangila da kamfani duka, da kwafi ga ofishin ƙwadago na tarayya da ke jiha. Kada a aika ta sai mafi yawansu sun sa hannu a fom, a miƙa gaba ɗaya rana ɗaya, don korar mutum biyar abu ne mai sauƙi, korar rumfa guda kuwa tsayar da inji ne. In aka taɓa wani, Kotun Ma'aikata tana da reshe a nan Kano, kuma kafin a kai ga haka ku yanke shawara a reshe kan yadda za ku riƙe gidansa. Kada kuma wanda ya zuga ku ku ajiye aiki ba tare da ƙuri'a da sanarwa da matakan sasantawa da doka ta gindaya ba, domin ta nan ne ake samun hujjar korar mutane da hannun doka.

In lokacin sabunta yarjejeniyarku da kamfani ya zo, ku sa sharaɗi biyu a gaba da ƙarin albashinku: duk wanda ya kai wani adadin shekaru a kan aiki a mayar da shi na dindindin, kuma duk ɗan kwangilar da kamfani zai yi hulɗa da shi sai ya amince da ƙungiya a rubuce. Sannan kafin kowa ya sa hannu, ka gaya masa a naira nawa za a riƙa cirewa daga albashinsa kowane wata, nawa ke tafiya hedikwata, nawa ke zama a reshe, kuma ka buɗe masa littafin kuɗin reshen ya gani.